Maza Huɗun Rakiyatu

Ranar Laraba da hantsi likitar yara ta kira Bara'atu ofishinta, ta tura ƙofa ta rufe. Wata bakwai ke nan Bara'atu tana zarya a asibitin nan da ɗanta Jalalu, kuma ba ta taɓa ganin Dokta Ndumbe ta rufe wannan ƙofa ba.

Sakamakon 'yar tsokar da aka yanka a wuyan yaron ya dawo. Kumburin da aka yi ta ba wa maganin kaluluwa, aka koma maganin tarin fuka, har ya tashi daga girman gyaɗa ya kai ƙwan kaza, ba ko ɗaya ba ne cikin biyun. Ciwon daji ne. Likita ta faɗe shi da Faransanci, a hankali, tana kallon idon Bara'atu don ta tabbatar ya shiga. Ya kuwa shiga, domin Bara'atu ta yi boko har aji shida, a ranar ta so a ce ba ta yi ba.

"Gobe Alhamis zan sa masa ruwan magani," in ji likita. "Amma ki saurare ni da kyau. Maganin nan ba ya zaɓe, yana kashe dajin, yana kuma karya garkuwar jiki. Yaro mai lafiyayyen jini yakan farfaɗo. Akwai kuma yaran da ake haifa garkuwarsu da rauni tun asali. Gado ne, uwa ke ɗauke da shi ba ya taɓa ta, sai ya sauka a kan 'ya'yanta maza. Su ne masu ƙuraje, masu haɓo, masu mugunyar kunne kamar ɗanki, kuma sun fi sauran yara saurin kamuwa da irin wannan daji. In Jalalu yana cikinsu na ba shi cikakken awo, maganin zai iya riga dajin kashe shi. In ba ya cikinsu na rage, na ba dajin hanya da hannuna."

"To a gwada jininsa mana, Dokta."

"Gwajin da zai raba gardama ba mu da shi a nan, kuma wuyansa ba zai jira jirgi ya kai ya dawo ba. Abin da nake da shi kawai bakin iyayenki. Shekara biyu da suka wuce, da kika kawo shi kan ƙuraje da kunne, na tambaye ki 'yan'uwanki maza, aka ce mini biyar ne, duk suna raye. Shi ya sa na cire wannan zato daga raina. Ina sake tambaya ne don kawai in kwana da nutsuwa."

Bara'atu ta tuna ranar sarai. A kan wannan kujera take, Inna Delu tana gefenta riƙe da Jalalu. Da Bara'atu ta fassara tambayar, Inna Delu ta ware yatsun hannu, ta ce, "Biyar! Idi, Husaini, da sauransu, kowanne kamar bijimi. Ki gaya mata a gidana ko mura sai ta nemi izini." Likita ta yi dariya, ta ja layi a kan wani abu a takarda, Bara'atu kuwa ta gyaɗa kai.

Ba ƙarya Inna Delu ta yi ba, maza biyar ta haifa. Sai dai ba ita ta haifi Bara'atu ba. Ƙanwar mahaifinta ce, aka kai mata ita unguwar Bonaberi, a ƙetaren kogi a nan Duwala, ranar yaye kamar yadda ake yi da 'yar fari. Ita ta goya ta, ta yi mata kitso da ƙunshi, ta sayar da sarƙarta ta yi mata kayan ɗaki. To wace mara tarbiyya ce za ta dubi irin wannan mata a gaban baƙuwa, Bafaranshiyar baki kuma, ta ce a dakata, wannan ba uwata ba ce? Ko maƙiyinka ya riƙe ka shekara ashirin ba ka yi masa haka ba. Kara ta yi, irin wadda kowa zai ce 'yar halak ce ta yi ta, ba ta san abin da aka ja wa layi a takardar ba.

"Dokta," in ji Bara'atu, "wadda kika gani riƙona ta yi. Wadda ta haife ni tana unguwar New Bell."

Likita ta ajiye alƙalami.

"Ita maza nawa ta haifa?"

"Ban sani ba. An ce wabi take yi. Ba wanda ya rayu sai ni."

"Ba ki sani ba? Ƙannenki?"

Yaya za ta bayyana wa 'yar Duwala cewa a wurinsu yaron da ya koma ba a ƙidaya shi, ba a ambatonsa, ba a ma kai yara gaisuwarsa? Abin da take iya tunawa shi ne wani yaro mai ƙuraje da takan hango a lungun ɗaki in an kai ta gaisuwar Sallah, wata shekara kuma ta je ba ta gan shi ba.

"Ki kawo mini ita," in ji likita. "In ba za ta zo ba ki kawo maganarta. Su nawa, kowanne wata nawa ya yi, me aka gani a jikinsa. Kafin gobe da safe. Ina nan, ni ma kwana uku ke nan ban ga gidana ba."

A ɗakin marasa lafiya Jalalu yana kwance ya karkatar da kai gefe guda saboda kumburin. Shekararsa shida, amma in ka gan shi sai ka ce huɗu. Inna Delu na zaune a bakin gado tana ɓare masa lemo. Ubansa Mahmudu direban babbar mota ne, yajin da ya tsayar da ƙasa ya rutsa da shi a Ngaundere, ko labarin yanka wuyan bai kai gare shi ba. Bara'atu ta durƙusa a gaban Inna Delu kamar mai neman gafara, ta gaya mata sunan ciwon, ta gaya mata abin da likita ke nema. Da ta zo wurin da za ta ce ina za ta, sai harshenta ya yi nauyi.

"New Bell za ki," Inna Delu ta ƙarasa mata. Ba ta ɗaga kai daga lemon ba. "Ashe mun zo wurin."

"Inna, wallahi ba don…"

"Rufe mini baki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta tuɓe takalman robarta ta tura mata da ƙafa. "Sa waɗannan, naki ba za su kai ki ba. Amma ina gaya miki, Rakiyatu ba za ta yi magana ba. Shekara talatin ina matsayin ƙanwar mijinta, ban taɓa jin sunan ko ɗaya a bakinta ba bayan an rufe shi."

A shekarar nan ce 'yan adawa suka kashe gari. Daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba tasi, ba shago, duk motar da ta fito ta sha dutse. Bara'atu ta bi ta unguwar Akwa a ƙafa cikin yayyafin da ba ya yankewa a Duwala in damina ta zauna. Manyan kantuna duk a garƙame, titi ba kowa sai baƙin tabon tayoyin da aka ƙona. Sau biyu samari suka tare ta a shingen katako da tsofaffin ganguna, sau biyu ta ɗaga musu katin asibiti. Na biyun ya dubi katin, ya dubi fuskarta, ya ce, "Ashiya, mama, pase," wato sannu mama, wuce, ya janye gangar.

Tana tafe tana tuna karo ɗaya tak da ta taɓa zuwa gidan nan ba a kawo ta ba. Tana 'yar shekara tara wata maƙwabciya ta yi suɓul da baka ta gaya mata wadda ta haife ta. Washegari ta bi masu tallan goro ta haye gadar kogin Wuri, ta yi ta tambaya har ta gano gidan. Ta shiga da gudu ta rungume matar ta baya. Matar ta waiwayo, ta ɓamɓare hannuwanta daga jikinta kamar an ɗora mata garwashi, ta ɗauki tsintsiya ta kora ta har bakin titi, ta haɗa ta da wani mai keke ya mayar da ita. Ko ruwa ba ta ba ta ba. Tun daga ranar Bara'atu ba ta kiranta komai sai "ta New Bell". Da ta haifi Jalalu kuwa, ɗan farinta, ta rantse ba za ta yi masa alkunya ba. Sunansa take kira gatsal, ta ɗora shi a cinya a gaban kowa, tsofaffi suna ta salati suna cewa boko ya lalata ta.

Unguwar Hausawa ta New Bell ta cika da ruwa kamar kullum. Lambatu ya tumbatsa, an jera katakai da duwatsu a lungu, mutum na tsallakawa kamar mai wasan 'yar gala-gala. Mahauta sun kife teburansu, masu tsire ba hayaƙi, maza sun taru a rumfar masallaci sun kewaye rediyo ɗaya. Gidan mahaifinta marigayi Malam Haruna yana bayan layin dogo, ginin katako da kwanon da tsatsa ta cinye. Ta yi sallama.

Rakiyatu na zaune a ƙofar ɗaki da faifai a cinya tana tsintar wake, ko da yake ba ranar da za ta soya ƙosan sayarwa sai Asabar. 'Yar siririya ce, ta fi yadda Bara'atu ta san ta ƙanƙancewa. Ta amsa sallamar tana duban bango.

"A shigo. Akwai tabarma a bayan ƙyaure, baƙuwa ta ɗauka."

Haka take yi tun fil azal. Ba kowa a gidan sai kaji biyu, amma ba za ta dubi 'yar farinta ta ce "ke" ba, sai dai ta aika saƙo ta hannun iska. Sunan Bara'atu kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba, in ta matsu ta ce "'yar Delu". Mutanen unguwa suna yaba mata, wai irin kunyar mutanen da ce wadda ta ƙare a duniya.

Bara'atu ba ta ɗauki tabarma ba. Ta tsuguna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta yi gaisuwa a gajarce, ta faɗi abin da ya kawo ta tun daga farko har ƙarshe, da maganin gobe, da awo biyun da likita ta rasa wanda za ta ɗauka.

Hannun tsohuwa bai daina tsintar wake ba.

"Allah ya ba shi lafiya. A gaya wa likita ta yi aikinta, rai na Allah ne."

"Ba za ta iya ba sai kin faɗa. Su nawa ne? Me ya same su?"

"Wanda ya kwanta ba a tashinsa. A bar su inda suke."

"Don Allah. Don Annabi. Sau ɗaya kawai, ni kaɗai zan ji, in kai mata."

"An ci abinci kuwa? Akwai sauran ɗumame a tukunya."

Nan fa abin da Bara'atu ta danne shekara ashirin ya ɓalle mata. Ta fizge faifan ta yi jifa da shi, wake ya watsu cikin taɓo, kaji suka rugo.

"Ɗumame? Ɗana na mutuwa kina mini zancen ɗumame? Ki dube ni! Ni ce nan, ba bango ba! Ban taɓa roƙonki komai ba. Na zo da ƙafata ina yarinya kika kore ni da tsintsiya kamar akuyar maƙwabta, na haƙura. Na yi aure kika aiko da tabarma ba ki zo ba, na haƙura. Na haihu kika tsaya a bakin ƙofa kika ƙi karɓarsa, na ce kunya ce. Yau ba kunya tsakanina da ke. Matattunki sun fi ɗana mai rai ne?"

Maƙwabta suka fara leƙowa ta saman katanga. Rakiyatu ta sunkuya tana tsince waken daga taɓo ɗaya bayan ɗaya, kamar ba da ita ake ba. Bara'atu ta ga ihu ba zai buɗe wannan baki ba, ga rana tana karkata, ga gobe tana matsowa. Ƙarfinta ya ƙare, ta fashe da kuka irin na wanda ya san ya yi iyakarsa. Cikin kukan ta kamo hannun tsohuwar, hannun da rabonta da taɓa shi tun ranar tsintsiya, ta danna shi a gefen wuyanta, ƙasan kunne.

"Nan yake. Kamar ƙwan kaza. Ba ya zafi, ba ya motsi, da tauri kamar ɗanyen gwaiba. Da dare zufa ta jiƙa shi sharkaf."

Hannun ya yi ƙoƙarin zamewa, sai kuma ya tsaya. A hankali, ba tare da ta ja shi ba, hannun ya gangara da kansa daga wuyanta ya shiga hammatarta ya danna.

"Nan fa?" in ji Rakiyatu. Muryar ta fito kamar ta wata. "Ya fito a nan?"

"Makon jiya."

Tsohuwa ta janye hannu ta dube shi. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi, ta ja ƙyaure ta bar waken ga kaji.

Gwiwarta ba ta kai ta ko kasuwar Kongo ba. Wani mai tura kaya da ya san ta da ƙosai ya ɗora ta a pus-pus ɗinsa, keken nan na kaya, ya rufa mata buhu saboda ruwa, Bara'atu na biye tana riƙe da gefe. Samarin shinge suka ga tsohuwa a keken kaya suka buɗe ba tambaya. Ana kiran la'asar suka isa.

Likita ta sa aka kawo kujeru uku, domin Inna Delu ta ce ita ma sai ta ji, ta bar Jalalu yana barci. Surukan biyu suka gaisa a taƙaice. Likita ta ɗauko farar takarda ta ce wa Bara'atu, "Ki tambaye ta, ki gaya mini kalma da kalma, kada ki gyara komai."

Rakiyatu ba ta jin Faransanci, likita ba ta jin Hausa, bango kuma ba ya fassara. Dole ta juyo ta fuskanci 'yarta. Ta dube ta ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun tana shayar da ita.

"Ki ce mata huɗu ne."

Bara'atu ta faɗa. Likita ta zana 'yan akwatuna huɗu a jere.

"Na fari Auwalu. Ranar suna wanzami ya cire masa beli, jini ya ƙi tsayawa. Muka sa toka, muka sa garin magani, muka kira wani wanzamin. Kwanansa tara. Aka ce hannun wanzami ne ba kyau. Na biyu Saminu. Shi na hana a taɓa shi da aska. Ƙuraje suka feso masa tun yana wata biyu, a kumatu, a bayan gwiwa, yana susa har jini. Kunnensa na zubar da ruwa mai wari. Zazzaɓi ya ɗauke shi saura wata ɗaya ya shekara. Aka ce nonona ne, aka yi ta ba ni jiƙo ina wanke shi."

Kowace kalma sai ta bi ta bakin Bara'atu kafin ta kai ga likita. Tana faɗar ƙurajen Saminu tana ganin kumatun Jalalu. Likita kuwa rubutu kawai take yi.

"Na uku muka sa masa Ajuji. Aka ɗora shi a juji ranar suna, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Bai sha nonona ba ko sau ɗaya, maƙwabciya ta shayar da shi. Duk da haka ƙurajen suka zo, haɓo ya zo. Shekara biyu da wata uku, ƙyanda ta shigo unguwa, yaran kowa suka tashi ban da shi. Sai aka ce ba nono ba ne, gidan ne, ko kuwa ni ce wani abu ke bi. Kwana shida da rufe shi ke nan kika shigo da gudu kika rungume ni."

Bara'atu ta buɗe baki ta fassara, ta kasa. Likita ta ɗago kai, Bara'atu ta ce mata wannan ba na takarda ba ne.

"Na huɗu fa?" in ji likita.

"Mantau. Shi ya daɗe. Na hana shi fita, na hana shi makarantar allo, na hana shi wasa da yara, a ɗaki na raine shi kamar ɗan tsako. Ya kai shekara bakwai, har na fara cewa a raina wannan nawa ne. Rannan ina yi masa wanka na ji abu a wuyansa kamar gyaɗa. Aka ce kaluluwa ce, aka shafa masa kanwa. Ta koma hammata. Ta koma matsematsi. Daga baya cikinsa ya kumbura, numfashi ya gagara sai a zaune. A zaune ya cika, a ƙirjina."

"Daga ranar da ta ji kumburin zuwa ranar, wata nawa?"

Bara'atu ta tambaya, ko da yake ba ta son amsar.

"Tara."

Ba sai an yi wa Bara'atu lissafi ba, ta san na Jalalu bakwai. Ta dafe tebur. Likita ta kama wuyan hannunta ta girgiza.

"Ki dube ni. Wancan kanwa aka shafa masa, wannan magani za a sa masa. Yanzu na san awon da zan ba shi, zan rage, in keɓe shi a ɗaki shi kaɗai, in tanadi jini kafin in fara. Ba na miki alkawarin zai tashi, jikinsa ba ƙarfi, dajin kuma ya yi nisa. Amma da na bi takardar da ke hannuna jiya, ina tsoron da ba zai ga Sallah ba."

"Dokta, da na faɗa miki tun wancan karon fa?"

Likitar ba mai rufa-rufa ba ce. "Da makon da kumburin ya fito na yanka na duba, ba wata bakwai ba."

"Me ta ce?" in ji Inna Delu.

Bara'atu ta dubi matar da ta goya ta, da idonta da ya yi ja, da ƙafarta da ba takalmi. Laifin ba na yatsu biyar da aka ware ba ne, na kan da aka gyaɗa ne, kuma wannan kaya nata ne har ta mutu.

"Ta ce gobe za a fara, Inna."

Rakiyatu kuwa takardar take kallo. Likita ta zana da'ira a sama, layi ya sauko zuwa akwatuna huɗu da aka soke da alƙalami, da wata da'ira a gefensu, daga ita kuma layi ya sauko zuwa akwati ɗaya da ba a soke ba. Ta ɗora yatsa a kan layin na ƙarshe.

"Wannan fa, me take nufi?"

"Ta ce ba nono ba ne. Ba gidan ba ne, ba iska ba ce, ba bakin mutane ba. A jini yake. Daga ke zuwa gare ni, daga ni zuwa gare shi. Mu mata ba ya taɓa mu, ɗauka kawai muke yi."

"Tun yaushe yake jikinki?"

"Tun ina ciki."

Tsohuwa ta ɗago kai daga takardar. Sannan ta ce, "Bara'atu." Sunan ya fito a karkace, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. "Da Ajuji ya tafi Delu ta ce in karɓe ki ki ɗebe mini kewa, na ƙi. Na ce abin da ke cin nawa a jikina yake ko a ɗakina, in ba ki taɓa ni ba ba zai gan ki ba. Na hana ki cinyata, na hana ki ruwan randata. Ranar da na kore ki na bi bayan keken nan har gada ina leƙenki. Da kika haifi namiji na tsaya a ƙofa hannuna na ƙaiƙayi, na ce in na ɗauke shi na shafa masa." Ta sake duban layin. "Ashe duk a banza. Ban taɓa ba ki komai ba a duniya sai wannan."

Bara'atu ta nemi fushin da ta zo da shi daga New Bell ta rasa. Inna Delu ce ta tashi, ta kama hannun Rakiyatu ta ɗaga ta.

"Taso. Tunda ba shafarsa ake yi ba, sai ki zo ki ɗauki abinki."

Jalalu ya farka, yana kwance a karkace yana wasa da ɓawon lemo. Ya ga baƙuwar tsohuwa jiƙe da ruwa ta tsaya a kansa tana kallonsa ba ƙiftawa, sai ya laluɓo zanen Inna Delu.

"Inna, wace ce wannan?"

Bara'atu ta buɗe baki, Inna Delu ta riga ta.

"Kakarka ce. Ita ta haifi uwarka."

Rakiyatu ta zauna a bakin gado. Ta sa hannu ƙarƙashin kansa ta ɗago shi, ta jingina shi a ƙirjinta a zaune, ta gyara masa wuya ta ɓangaren da ba kumburi. Ba wanda ya nuna mata yadda ake yi. Nan take numfashin yaron ya sassauta, Bara'atu kuma ta juya ta fuskanci taga, domin ta san inda hannun nan ya koyi wannan riƙo.